Jiragen Ispaniya a Tabarmar Yaya

Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne Gulbin Maraɗi idan ya kawo da damina, sai kuma wanda inji ke turowa cikin kanal ɗin ban ruwa a Jiratawa, inda nake da ɗan fegin zogale da tattasai. Amma yau ko daga barci aka tashe ni, zan iya faɗin watan da jiragen yaƙin sarkin Ispaniya suka bar gida don su ci Ingila, da inda suka tsaya, da watan da ragowarsu suka dawo. Ba karatu ya ba ni wannan ba, don ni ko firamare da kyar na ƙare. Yayana ne ya koya mani, bara, a zauren gidansa na Sabon Gari, lokacin da bakinsa ya ƙi shi.

Yaya malamin tarihi ne a kwaleji har ya aje aiki. Allah bai ba shi haihuwa ba, shi ya sa ya ɗauki ɗiyata ta fari tun ba ta iya ɗaura zane ba. Shi ya kai ta lakwal, wato makarantar boko, shi ya tsaya mata har ta zama ungozoma a asibiti. Ni Baban Jiratawa take ce mani, shi kuwa Baba kawai. Da aka zo neman aurenta, ƙofarsa aka je. Dama a wurinmu uba ba ya ba da auren ɗiyarsa da bakinsa, wansa ko ƙanensa ke zama waliyyi, ya zauna gaban liman da jama'a ya ce ya bayar. Babu wanda ya taɓa tambayar wa zai zauna ranar. Aka sa rana bayan babbar Salla.

Ana shirin azumi ciwon ya same shi, yana cikin alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Da aka sallame mu daga asibiti yana iya cewa "ruwa" da "to" da "a'a", sauran sai ya buɗe baki ya yi ta neman kalmar, gumi na tsatso mashi a goshi. Likitan da ke duba shi ya kira ni gefe, ya ce maganar kan dawo idan ana motsa ta kullum.

"Ku sa shi ya riƙa ba ku wani labari da ya sani daga farko har ƙarshe, mai bin juna daki-daki," in ji shi. "Amma kada ku ƙarasa mashi. Ko zai daɗe yana neman kalma, ku bar shi ya same ta."

Na ce to. Ni mutum ne mai saurin cewa to.

Na zaci tarihin Katsinawan Maraɗi zai ɗauko, ko na Gobirawan Tsibiri, abin da ni ma na san gefensa. Sai ya ɗauko na jiragen nan. Matarsa, Hajiya, ta ce dama shi ne labarin da yake ba 'yan ajinsa duk shekara idan an gama jarrabawa, kafin a tafi hutu. Shi ma sau ɗaya ya ga teku, a Kwatano, kuma ya ce daga bakin gaɓa jiri ya ɗebe shi.

Muna zama bayan la'asar. Ni kuwa tun asuba nake kan moto, ɗan babur ɗina, zuwa Jiratawa, don idan rabon ruwa ya zo kan feginka ba ka nan, ya wuce sai wani zagayen. In dawo da laka har gwiwa, bakina bushe da azumi, in tarar da shi jingine da bango an shimfiɗa tabarma. Tabarmar ce teku. Ƙwallayen dabinon buɗa baki, da Hajiya ke tara mashi a gwangwanin madara, su ne jirage. Butar alwala ita ce Ingila. Takalmina na roba shi ne Faransa, don haka kullum ƙafa ɗaya ba takalmi nake sauraro.

Da hannun hagu yake jera su, ya fara daga kusurwar tabarma.

"Dubu... da ɗari biyar... da tamanin... da takwas."

Wannan kaɗai, a makon farko, yakan cinye mana rabin zaman. A hankali sauran ya riƙa fitowa, guntu-guntu, ni nake haɗawa a kaina. Sarkin Ispaniya ya tara jirage fiye da ɗari. Tsohon sarkin ruwan da ya shirya tafiyar ya mutu tun ba a tashi ba. Aka naɗa wani babban basarake, shi kuwa ya rubuta wa sarki cewa bai san teku ba, jirgi ma amai yake sa shi, a nemi wani. Sarki ya ce shi dai. Ƙarshen Mayu suka tashi daga Lizbon. Cikin Yuni iska ta watsa su, suka fake a wata tasha a arewacin ƙasarsu, suka yi kusan wata guda suna gyara. A nan aka buɗe gangunan ruwa da na abinci aka tarar da yawa sun lalace, don an yi su da ɗanyen katako. Basaraken ya sake rubutawa, ya ce a fasa. Sarki ya ce a ci gaba.

"Bai so ba," Yaya kan ce, ya ɗora yatsa kan ƙwallon da ya fi girma. "Amma... ya je."

Hajiya takan leƙo idan magariba ta gabato. "Malam, a ba ni aron Ingila, zan yi alwala."

Yakan yi dariya da rabin baki ya miƙa mata butar. Da ta dawo da ita sai ya mayar daidai inda take, a kan zanen tabarmar, ba ya kuskure.

Ba zan ce na yi haƙuri da zaman nan ba. Na sha yin gyangyaɗi. Na sha duba waya a ƙarƙashin riga, ina jiran mai sayen tattasai. Akwai ranar da ya juya yana tari, na sa yatsan ƙafa na tura jiragen gaba kamar taki guda don mu rage hanya. Da ya juyo ya dubi tabarmar, ya dube ni, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Yuli," ya ce. "Ba mu... kai... Agusta ba."

Ƙarshen Yuli aka hango su daga gaɓar Ingila, aka yi ta kunna wuta a kan tuddai, wannan gari na sanar da wancan. Suka shiga mashigin ruwan da ke tsakanin buta da takalmina a jere kamar jinjirin wata, Ingilishi na binsu a baya suna harbi daga nesa, ba su yarda a matso ba. Farkon Agusta suka tsaya gaban wani gari na Faransa, Kale. A nan ne za su haɗu da rundunar sojan ƙasa da ke jiransu can gaba kaɗan, su yi mata rakiya ta ƙetare. Sai aka tarar rundunar ba ta shirya ba. Saƙon da aka riƙa aika mata bai riga jiragen isowa da wani abin kirki ba.

A Kale muka maƙale. Har azumi ya ƙare muna Kale.

Abin da ya faru a can shi ne, Ingilishi sun cika waɗansu jirage da abin ƙonewa, suka cinna masu wuta suka sako su, iska ta turo su tsakiyar na Ispaniya. Don tsoro, mutanen suka sare igiyoyin ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Yaya turke yake ce mashi. Wannan kalmar ce ta ƙi fitowa. Yakan zo "suka yanke... suka yanke..." sai leɓe ya kama rawa, idanu su yi ja, hannun hagu na dukan gwiwa.

"Turke," in ce. Na san abin da likita ya faɗa, amma in ce.

Sai ya sa tafin hannu ya share jiragen duka zuwa kusurwa.

"Daga... farko."

"Haba Yaya, Lizbon kuma? An kusa kiran salla."

"Daga farko."

Shekarun da ya yi a gaban allo ba su bar shi ba. Ni kuwa ban daina ƙarasa mashi ba, don ba na iya kallon bakin nan yana rawa. Ina ce wa kaina tausayi ne. Rabinsa tausayi ne, ina jin. Sauran rabin gajiya ce, da son a gama in tafi gida in miƙe ƙafa.

A waɗannan kwanakin ne tsoro ya shige ni. Gidan da ɗiyata za ta shiga gidan Alhazai ne, masu manyan motocin da ke zuwa Kwatano da Kano. Ɗaurin aurensu titi ake rufewa. Na riƙa ganin abin a idona ina kan moto: liman ya juyo, sanƙira mai shela ya tsaya da hannu a kunne yana jiran abin da zai ɗaga wa jama'a, wakilin ango ya nema, Yaya ya buɗe baki, "na ba... na ba..." Manyan riguna sun yi tsit. Wani yaro ya yi dariya a baya. Na ce wa kaina mutuncinsa nake karewa. Amma idan na bi hoton nan har ƙarshe, ba fuskarsa nake gani ba, tawa nake gani, ina zaune gefe surukaina na kallona.

Bayan ƙaramar Salla na hau moto na tafi Tsibiri. Muna da ɗan'uwa a can, ɗan ƙanen mahaifinmu, manomin gero, kuma ladanin unguwarsu. Alhajin Tsibiri muke ce mashi. Muryarsa ko ba lasifika tana tashin unguwa. Na same shi yana gyaran rumbu. Muka gaisa, aka kawo fura, na faɗa mashi abin da ya kawo ni.

Ya daɗe yana juya ludayi. "Yaya ya sani?"

"Ai shi ma ya san jikinsa."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Zan gaya mashi. Ina jiran ya ɗan ƙara jin ƙarfi ne."

"To," ya ce. "In babu yadda za a yi, ɗiyarmu ce duka. Amma zama ne mai nauyi, ɗan'uwa. Mutumin nan shi ya yi wahalarta."

Na dawo da niyyar in gaya wa Yaya washegari. Washegari na tarar ya jera jirage yana jirana, na ce bari sai gobe. Haka goben ta yi ta matsawa.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne, a cikin kwanakin nan ne ya wuce Kale. Wata la'asar na gaji har ban da ƙarfin tsoma baki, na jingina kai da bango ina kallon rufi. Ya zo "suka yanke," ya tsaya. Na ji akuyar maƙwabta na kuka, na ji mai kankara ya wuce. Can sai na ji, "Turke." Ya faɗa a hankali, kamar mai aje ƙwai. Ya sake faɗa. Hajiya da ke tankaɗe a tsakar gida ta bar rariyar ta zo ta tsaya bakin ƙofa.

Daga nan labarin ya riƙa tafiya. Washegarin wutar aka gwabza, aka huda jiragen Ispaniya da dama, iska ta kusa kifa su kan rairayi sannan ta juya ta kora su arewa. Hanyar da suka biyo ta rufe. Babu yadda za su koma gida sai sun zagaye ƙasar Ingila gaba ɗaya ta sama, ta ruwan sanyi. Yaya ya riƙa jan ƙwallayen ta bayan buta. Tsakiyar Agusta ruwan sha ya yi ƙaranci, aka ba da umurni a jefa dawaki da alfadarai cikin teku. Nan yakan daɗe, ba don kalma ta ƙi ba. Shi mai son dabba ne, ko tunkiyar layya ba ya iya tsayawa a yanka a gabansa.

"Suna iyo," ya ce. "An gan su... suna iyo. Babu gaɓa."

Yanzu yana haɗa kalma huɗu, biyar, kafin ya huta. Na gani da idona. Na ce wa kaina, tabarma a gaban ƙane daban, taron Alhazai daban.

Wata rana Hajiya ta rako ni har ƙofar gida, ta rage murya.

"Ka san da hantsi, idan ya ga na shiga kicin, sai ya juya ya fuskanci bango yana gwada maganar da zai yi ranar ɗaurin aure? Ina jinsa. Jiya sau biyu ya kai ƙarshe. Na kai babbar rigarsa wurin masu bugun tufafi, farar nan da ya yi ritaya da ita."

"Madalla," na ce. Na tayar da moto.

Aka yi babbar Salla. Ana saura 'yan kwanaki ɗaurin aure, wanda aka sa ranar Asabar, muna zaune, jirage sun kai Satumba. Sun biyo ta yammacin ƙasar Irland, iska mai ƙarfi ta taso tana tura su kan duwatsu, ga shi turakun da za su riƙe su sun baro su a ƙasan ruwan Kale. Yaya yana ɗauke ƙwallo ɗaya-ɗaya yana jefawa cikin gwangwani. Sai muka ji sallama da muryar da kowa ya sani.

Alhajin Tsibiri ne, da zabi biyu a hannu. Na manta, ko kuwa na ƙi tunawa, cewa mutumin da ya tashi a gidanmu ba zai zauna a mazaunin babba ba sai ya zo ya ji daga bakinsa. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida Yaya da jiki, ya tambayi Hajiya. Ya dubi tabarmar.

"Dara ake yi ba rami?"

"Teku ce," in ji Yaya. "Kada ka... taka."

Suka yi dariya. Na fara ce wa Alhaji ya zo mu fita in nuna mashi inda za a kafa rumfa, amma ya riga ya gyara zama.

"Yaya, ba zan daɗe ba. Ƙanenka ya same ni da maganar ranar Asabar, ya ce in zauna a madadinka saboda jiki. Na ce to, amma ban isa in zauna ba sai ka ce in zauna. Shi ne na zo."

Yaya bai dube shi ba. Ni ya duba. Ba harara ba ce, da harara ce da ta fi mani sauƙi. Irin kallon da yake yi wa tabarma ne idan yana son ya gane inda aka taɓa. Ƙwallo ɗaya na hannunsa, ya aje shi a hankali. Ya gyara wuyan riga da hagu, ya ɗaga kai.

"Na ba ka izini," ya ce. "Ka zauna a madadina, ka ba da auren ɗiyarmu ga wanda ya nema, bisa sadakin da aka yanka, bisa sunnar Manzon Allah."

Bai tsaya ko sau ɗaya ba. Abin da ake bukata ranar Asabar bai kai rabin wannan tsawo ba.

Alhajin Tsibiri ya juyo ya dube ni, ya sake duban Yaya. "To ai Yaya, wanda ya faɗi wannan..."

"Na faɗa," in ji Yaya.

Na matso. "Yaya, ni ne na yi gaggawa. Ba a gaya wa kowa ba, daga ni sai shi. Kai za ka zauna."

"An taso mutum... daga Tsibiri. An ce mashi ya shirya." Maganar ta koma tana tsinkewa. "Ba za a ce... ya koma ba. Ba wasan yara... ba ne."

Alhaji ya roƙe shi, ya ce wallahi shi sauƙi ne a gare shi a sauke mashi. Hajiya ta shigo, ta ji abin da ake ciki, ta tsaya riƙe da labule tana dubana, sannan ta koma ciki. Yaya ya mayar da ido kan tabarma. Da Alhaji ya tashi tafiya na bi shi waje. Ya sa takalmi yana girgiza kai.

"Ka sa ni a tsakiya, ɗan'uwa," ya ce. Ya hau kabu-kabu ya tafi.

Na koma don in ɗauki takalmina. Yaya ya ɗora hannu a kan takalmin.

"Zauna. Ba su... kai gida ba."

Na zauna. Ya ja ragowar ƙwallayen ƙasa-ƙasa har gefen tabarma. Ƙarshen Satumba basaraken ya iso wata tasha a arewacin Ispaniya, ba shi da lafiya, mutanensa na mutuwa da yunwa da zazzaɓi har bayan sun sauka. Waɗansu jiragen sai cikin Oktoba suka lallaɓo. Da yawa ba su dawo ba. Basaraken kuwa ya nemi izini ya koma garinsu, ya bi hanya yana kauce wa manyan garuruwa. Yaya ya tattara ƙwallayen ya zuba a gwangwani, ya rufe, ya miƙo mani takalmina.

Ranar Asabar aka rufe titi kamar yadda na zata. Alhajin Tsibiri ya zauna gaban liman, ya bayar da murya mai kyau, sanƙira ya ɗaga, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Surukaina suka yi ta yaba tsarin. Yaya bai fito ba. Yana cikin zaure a kan kujera, da rigarsa ta zaman gida, ƙofa a buɗe yadda zai ji. Masu shiga gaishe shi yana amsa masu ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma, kafin a kai amarya, aka kawo ta ta yi mashi sallama. Ina tsaye a gefe. Ta durƙusa a lulluɓe, ta kama hannunsa na hagu tana kuka. Ya yi mata nasiha gajera, ya sa mata albarka. Har an ɗaga ta, ta sake durƙusawa.

"Baba, an ce ba kai ka zauna ba. Ni na ce wa kowa kai ne. Ko maganar ce ta sake?"

"A'a," ya ce. "Ƙafa ce. Ba ta son... zaman ƙasa."

Ta sa hannu ta taɓa gwiwar, irin taɓawar ma'aikatan asibiti, ta matsa nan ta matsa can. Ta juyo wurina.

"Baban Jiratawa, ba ku gaya mani tana damunsa haka ba. Akwai man da ake shafawa, zan aiko da sunansa. Ka riƙa shafa mashi idan ka zo da la'asar."

Matan da suka rako ta suna cewa a yi sauri, motoci na jira. Yaya yana kallon ƙofa. Na ce mata to.